Tifa nawa za ta cike fili mai 20 da 15?

Mai Fili: Assalamu alaikum jama'ar gini. Fili ne a gangaren da ya nufi Gulbin Maradi, mita 20 a tsawo, 15 a faɗi, ana son cike shi kafin ruwa ya sauka. Mai mota ɗaya ya ce tifa 10 ta isa, wani ya ce sai 25. Tazarar ta yi yawa. Wane ne ke da gaskiya a cikinsu?

Tsohon Magini: Wa alaikumus salam Alhaji. Mai yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa maka, don tifa ba ma'auni ba ce. Akwai mai taya shida, akwai mai taya goma, kuma ko masu taya goman ba bodinsu ɗaya ba. Sannan ba ka gaya mana zurfi ba. Tsawo da faɗi kaɗai ba sa cike rami.

Mai Fili: Baba, zurfin ba daidai yake ba. Kusurwa huɗun, in aka ja igiya daga bakin titi: santi 20, 35, 60 da 45. Tsakiya kuma 40.

Injiniya: To yanzu magana ta fito. Haɗa biyar ɗin: 200. Raba biyar, santi 40 ke nan, wato mita 0.4. Filin 20 sau 15, murabba'in mita 300. Sau 0.4, kib 120. Ga wanda bai saba da kalmar ba, kib ɗaya akwati ne mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Lita 1,000 ne, tono biyar na lita 200.

Amma kada ka je ka sayi kib 120, Alhaji, za ka koma kasuwa. Ƙasa ɗaya tana da girma uku. Akwai girmanta a kwance inda Allah ya ajiye ta. Akwai girmanta bayan an haƙo ta an zuba a mota, nan ta buɗe, iska ta shiga tsakanin dunƙulenta. Akwai kuma girmanta bayan an jiƙa an daɓe. Kai kib 120 na ukun kake so, mai mota kuwa na biyun yake sayar maka. Ga burji, a ninka da 1.3: kib 156 a sake. Motar da ke ɗaukar kib 12 sawu 13 za ta yi. Ƙaramar da ke ɗaukar kib 6 da ɗoriya, sawu 25. Ka ga mai cewa 25 bai yi ƙarya ba in ƙaramar mota gare shi. Mai cewa 10 ya yi lissafin kib 120 ne, ya manta daɓe.

Direban Tifa: Injiniya, ko kuma motarsa ta fi kib 12. Akwai masu ƙara katako a gefen bodi, su ɗauki 15 ko 16. Kada a ɗora wa direbobi laifin da ba nasu ba.

Injiniya: Ban musa ba. Shi ya sa mitar awo ta fi gardama. A hau bodin a auna ciki, ba waje ba: tsawo, faɗi, da tsayin da ƙasar ta kai. Bodi mai 4.8 da 2.3, ƙasa ta kai 1.1, kib 12.1 ke nan. In ta tsaya a 0.9, ya koma 9.9. Santi 20 kawai, kib biyu sun tafi, kuma daga ƙasa ba ka ganin bambancin don tozon da aka yi a tsakiya yana leƙowa sama da bodi. A sa yaro ya baje tozon da felu kafin a auna.

Direban Tifa: Sai dai a yi adalci wajen inda ake awon. Ƙasar da aka loda a kariya, wato wurin haƙar ƙasa, tana zama a hanya, girgiza tana sa ta kwanta. Mota ta taso cike, ta iso da ragin ƴan santi, ba sata ba ce. A shirya tun farko: awon wurin lodi ko awon wurin juyewa.

Tsohon Magini: Wurin juyewa, ɗana. Abin da ya iso ƙofar gida shi aka saya. Ku sa ragin cikin kuɗinku.

Ɗalibi: Malamai, in an riga an juye fa, motar ta tafi?

Injiniya: Tsibin ma yana awonuwa. A tattara shi ya zama tsibi ɗaya mai tsini kamar hular rumbu. Zagaya gindinsa da igiya, ka auna igiyar. Tsayi kuma, kafa gora a gefe, wani ya koma nesa ya daidaita idonsa da tsinin, ya nuna maka inda za ka sa alama. Sai lissafi: zagaye sau zagaye, sau tsayi, a raba da 38. Zagaye mita 17, tsayi 1.6: 17 sau 17 ya ba da 289, sau 1.6 ya ba da 462, raba 38, kib 12 da ɗan abu. Yanzu duba tsibi mai zagaye 15 da tsayi 1.4: kib 8.3 kacal. A ido kusan tagwaye ne, alhali ɗaya ya gaza ɗan'uwansa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Tsohon Magini: Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan tsibin ƙasa dai bai sani ba.

Mai Fili: To in ɗauka 156, in rufe magana?

Injiniya: Ɗan dakata. Awo biyar a kan murabba'i 300 ya yi kaɗan in filin yana da kwari a gefe guda. Kafa turaku kowace mita 5, layi huɗu, kowane layi turke biyar, turke 20 ke nan. Samo tiyo mai haske na magina, ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska a ciki, don kumfa ɗaya tana iya ɓata maka santi biyu ko uku. Sa alama a turken farko daidai inda kake so cikon ya tsaya, ka bi sauran da tiyon. Auna daga kowace alama zuwa ƙasa. Wajen haɗawa turakun ba darajarsu ɗaya ba: na kusurwa huɗu a ƙirga su sau ɗaya, goma na gefe sau biyu, shida na ciki sau huɗu, a raba jimla da 48. Dalili, turken ciki murabba'ai huɗu ne suka haɗu a kansa, na kusurwa kuwa ɗaya tak.

Abu biyu kuma suna canza adadin. Na farko yana ƙarawa: ƙasar sama mai ciyawa da saiwa da bola dole a kankare ta, don za ta ruɓe ta bar rami a ƙarƙashin daɓe. Ko santi 10 ka kankare, kib 30 ne ya ƙaru a kan 120. Na biyu yana ragewa: abin da za ka haƙo daga ramin harsashi da masai. Harsashi mai jimlar tsawo mita 60, faɗi 0.5, zurfi 0.8, kib 24 ne. Masai mai 2 da 3 da zurfi 2.5, kib 15. In ƙasar wurin jigawa ce mai tsabta, ta shiga ciko. In laka ce ta fadama, a fitar da ita.

Ɗalibi: Me ya hana laka? Ai ta fi rairayi ƙarfi in ta bushe.

Tsohon Magini: In ta bushe. Je ka dubi fadamar Gulbi a watan huɗu, ka ga yadda take darewa har hannu ya shiga. Da ruwa ya sauka ta kumbura ta rufe. Ƙasar da ke numfashi haka duk shekara, in ka sa ta ƙarƙashin siminti, tare za su riƙa numfashin, sai ka ga tsaga ta ratsa tsakar ɗaki. Kuma wajen kwashewa ta fi kowace ƙasa buɗewa. Rairayi in an haƙo shi yana ƙaruwa kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ƙasar gona 20 zuwa 25, laka tana kai 30 har 40 saboda manyan dunƙule take fitowa. Wanda zai biya kuɗin kwasa ya san da wannan.

Kuma Alhaji, tunda gangaren Gulbi ka ce, ka kula da inda ka ɗauki ma'aunin tsayi. Tsohon garin Maradi a cikin kwarin yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu. Bakin titi na yau ba shi ne ma'auni ba, titi yana tashi duk lokacin da aka zuba masa burji. Nemi alamar da ruwa ya bari a katangun makwabta, ka ɗora cikonka sama da ita.

Makwabci: Ni kuma a nan nake da magana. Kowa ya ɗaga filinsa, ruwan wa ake turawa? Sannan ciko mai santi 60 da aka jingina da katangar ƙasa ta makwabci, turata yake yi, kuma damshi yana cin gindinta. A bar tazara ko a yi ƴar katangar siminti ta tare cikon, a kuma karkata shi wajen titi, santi 1 ko 2 a kowace mita.

Injiniya: Gaskiya ne Malam. Kuma karkatar tana shiga lissafi: santi 1 a mita, a kan mita 20, santi 20 ne tsakanin baya da gaba. In gaban ka tsayar a ma'auni, matsakaicin zurfi ya ƙaru da santi 10, wani kib 30 ɗin.

Direban Tifa: Kowa yana ta maganar kib, ba wanda ya taɓo nauyi, alhali mota nauyi take ji.

Injiniya: To mu taɓo. Kib ɗaya na busasshen rairayi a sake tan 1.4 zuwa 1.6 ne. In ya sha ruwa ya ƙoshi, 1.9 zuwa 2. Burji a sake wajen 1.5 zuwa 1.6, in an daɓe shi da kyau ya kai 2 ko ya ɗan haura. Ƙasar lambu mai taki ta fi sauƙi, 1.2 zuwa 1.3. Ga hanyar duba lissafinmu na ɗazu: kib 120 daɓaɓɓe sau 2, tan 240. Kib 156 a sake sau 1.55, tan 242. Sun haɗu. Girma ne ke canzawa, nauyin ƙasar kanta yana nan, in ban da ruwan da ya shiga ko ya fita.

Kib 12 na burji a bodi kusan tan 19 ne. Ita motar mai taya goma ba kaya tana haura tan 10. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta tsayar wa mota mai gatari uku tan 26 gaba ɗaya, ita da kayanta. Ka ga ko kib 12 ɗin ya wuce, balle 16 mai katako.

Direban Tifa: Wannan a kan kwalta ne da wurin sikeli, Injiniya. Abin da ya fi damun mai fili shi ne lungunsa. Mota mai tan 30 in ta shiga lungu mai rairayi ko ta taka murfin masai ko bututun ruwan famfo da ke santi 40 ƙarƙashin ƙasa, an gama. A irin wurin ƙaramar mota ta fi, ko da sawu ya ninka. Da damina kuma a rage lodi, don yashin da aka ɗebo jiƙe sharkaf ya fi busasshe da kusan tan 4 a kib 12. A nan ake karya sifirin da fasa taya.

Kuma a daina tambayar kuɗin tifa, a tambayi kuɗin kib. A ce ƙarama jika 30 kib 6, babba jika 50 kib 12: ta farko jika 5 kowane kib, ta biyu jika 4 da ƴan kai. Misali ne kawai na ba da, kuɗi yana bin nisan kariya da farashin gazuwal.

Ɗalibi: Waɗannan lambobin na littafi ne. Yaya mutum zai san nauyin tasa ƙasar?

Malamin Gona: Bokiti da sikeli sun isa, ƙanena. Samu bokitin da ka tabbatar da litarsa, ka auna da kwalbar lita ɗaya sau goma ka ja layi, don bokitin kasuwa da ake ce wa lita 10 ba duka ne 10 ba. Auna shi ba komai. Zuba ƙasa da felu zuwa layin, kada ka danna, kada ka girgiza. Auna, cire nauyin bokiti. In ya rage kilo 15, kib ɗinka tan 1.5 ne, ka raba da goma kawai. Yi sau uku daga wurare daban na tsibin, don saman tsibi ya sha rana, cikinsa da damshi.

Ruwan da ke ciki kuma, auna kilo ɗaya cif, ka soya a kasko a wuta marar ƙarfi kana juyawa, har sikeli ya daina sauka. In ya tsaya a giram 920, ruwa giram 80 ne. Raba 80 da 920, ba da 1,000 ba: kusan kashi 9 cikin ɗari.

In kuma nauyinta a kwance kake so, ko kana son ka san ko an daɓe cikon da gaske, share wuri ya zama sumul, haƙa ɗan rami kamar girman ƙwarya, tara duk abin da ya fito a leda ka auna. Shimfiɗa siririyar leda a ramin ta bi kowane lungu, ka zuba ruwa da ma'auni har ya zo baki. Rami ya sha lita 8, ƙasa ta yi kilo 16, wato 2, burjin ya daɓu. In kilo 13 ta yi, 1.6 ke nan, zuba shi kawai aka yi aka baje, damina ce za ta daɓe maka shi bayan ka shimfiɗa karo, wato tayil.

Tsohon Magini: Nan ne ake cutar masu gida, ba a sawun mota ba. A juye santi 60 a lokaci ɗaya, a watsa ruwa a sama, a bubbuga, a ce an gama. Bugun madaɓin hannu ba ya wuce santi 10 zuwa ƙasa. Injin daɓe mai tsalle ko mai faranti, hawa mai kaurin santi 15 zuwa 20. Kowane hawa a jiƙa shi, a bar shi ya tsuma, a daɓe, sannan a ɗora na gaba. Gwajin ruwan a tafin hannu yake: damƙi ƙasar, in ta dunƙule ba ta ɓata maka hannu da caɓi ba, ka sake ta daga ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu, ta yi. In ta watse kamar gari, ƙara ruwa. In ta lafe kamar tuwo, jira ta sha iska.

Injiniya: Ruwan ma a sa shi cikin kasafi. Ƙara damshin tan 240 da kashi 5 cikin ɗari kawai, tan 12 na ruwa ne, lita 12,000, tono 60. Da rani ya fi haka, don rana tana shanye wani kafin a daɓe.

Mai Fili: Tono 60! Wannan ba wanda ya faɗa mini. Baro fa? Motar ba za ta kai ƙarshen filin ba, sai an tura.

Tsohon Magini: Baron magina lita 60 ne in an shafe bakinsa, 17 ke yin kib. Amma lebura da ya wuni yana turi a cikin rairayi ba ya cika shi, lissafa 20. Tifa mai kib 12, baro 240. Kowane baro kilo 80 zuwa 90. A shimfiɗa katako a hanyar tayar, in ba haka ba rabin ƙarfin a nutsewa zai ƙare.

Tunda an zo kan baro, masu kwaɓa siminti su ji wannan. Yashin Gulbi mai ɗan damshi kumbura yake, har kashi 20 ko 25. Zuba shi a kwalba mai faɗin baki zuwa santi 20, ka cika da ruwa ka girgiza, za ka ga ya sauka wajen 16. Baro biyu na irin wannan ba su kai baro biyu na busasshe ba, kwaɓin sai ya fito da ƙarancin yashi, buhunan siminti su ƙare kafin aiki.

Mai Haƙar Rijiya: A ba mu namu lissafin, mu masu rami zagayayye. Faɗin baki sau faɗin baki, sau 0.8, sau zurfi. Rami mai faɗin mita 2, zurfi 10, wajen kib 32 a kwance, kusan 40 in ya fito, sama da tan 50 da guga za a jawo. Kuskuren da yara ƴan makaranta ke yi, su sa faɗin baki a gurbin rabinsa cikin lissafin 3.14, amsa ta ninka sau huɗu.

Abin da ya fi lissafi: ƙasar da aka fitar a nisanta ta da baki, aƙalla mita ɗaya. Ramin masai ko harsashi a jigawa, in ya wuce ƙirjin mutum, a kwantar da gefensa ko a tokare da katako. Rabin kib in ya zubo, kilo 800 ne a kan mutum, ko kansa yana waje ƙirji ba ya iya buɗewa. In an kwantar da gefe, lissafi shi ne a haɗa murabba'in sama da na ƙasa a raba biyu, a ninka da zurfi: sama 6 da 4, wato 24, ƙasa 4 da 2, wato 8, zurfi 2, ya ba da 32. Yana ɗan haura gaskiya kaɗan, ainihinsa kusan 31 ne, amma ga mai biyan lebura ya wadatar.

Hajiya Mai Lambu: Sannunku da ƙoƙari malamai. Masu son shuka salati da tumatir a saman dal, wato rufin siminti, fa? Akwati mai mita 2 da 1, ƙasa santi 30.

Injiniya: Hajiya, kib 0.6 ne. An ba shi ruwa ya ƙoshi, sama da tan ɗaya, wato fiye da kilo 500 a kan kowane murabba'in mita. Dal ɗin gidan zama yawanci kilo 150 ake lissafa masa a murabba'i ban da nauyin kansa, rufin da ba a yi shi don hawa ba kuwa 100. Rage zurfin zuwa santi 15, salati ba ya neman fiye da haka, a cakuɗa rabi da ruɓaɓɓen taki da ɓawon gyaɗa don ya yi sauƙi, a ɗora akwatin daidai kan bango ko ginshiƙi, ba tsakiyar ɗaki ba. Hukuncin ɗaya ne da maginan da ke tara yashi da bulo a tsakiyar sabon dal.

Tsohon Magini: Rufin ƙasa ma haka. Santi 20 a kan ɗaki mai 3 da 4, tan 4 ne a kan azara. Duk shekara a ƙara yaɓen santi 2 ba a kankare tsohon ba, kilo 400 ke ƙaruwa. Shekara biyar, tan 2. Gara tana cin azara daga ciki, indararo ya toshe, ruwan watan takwas ya kwana a sama. Kafin sabon yaɓe a kankare gwargwadon abin da za a ɗora.

Malamin Gona: Manoma su ɗauki nasu a nan. Hekta ɗaya murabba'i 10,000 ce. Santi 20 na sama, inda saiwar hatsi ta fi yawa, kib 2,000 ne, tan 3,000 a jigawa. Wanda ya watsa tan 5 na taki a hekta, ɗaya ya sa cikin 600. Shi ya sa tassa ta fi watsi ga mai taki kaɗan: rami mai faɗin santi 30, zurfi 15, lita 7 zuwa 10, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu daidai inda saiwa za ta same shi. Rami 10,000 a hekta kuwa sama da tan 100 na ƙasa ne aka ɗaga da hannu, don haka ake fara ta tun da rani. Iskar farkon damina kuma in ta share milimita ɗaya tak daga saman gona mai hekta ɗaya, kib 10 ne, tan 15, fiye da lodin ƙaramar tifa.

Mai Fili: Allah ya saka da alheri. An kafa turakun 20, matsakaici ya fito santi 43, ba 40 ba. Da kankarar santi 10 ya zama 53. Karkatar tana cikin alamar da aka sa.

Injiniya: To 300 sau 0.53, kib 159 daɓaɓɓe. Cire 35 na harsashi da masai (39 ne a kwance, zai ragu in an daɓe) in ƙasar ta yi kyau, saura 124. Sau 1.3, kib 161 a sake. Kada ka biya duka lokaci ɗaya. Kawo sawu 10 na mai kib 12, a daɓe hawa-hawa, ka sake auna abin da ya rage daga alamar turaku, sannan ka yi odar sauran.

Direban Tifa: Kuma a fara juyewa daga can ƙurya a fito baya-baya. In aka tare ƙofa da sawun farko, sauran duka da baro za su shiga.